Motar Gaba

Shekara ashirin da shida na yi ina jan motar gaba. Mu ba kaya irin na kowa muke ɗauka ba. Abin da ya fi ƙarfin mota ɗaya shi ake kawo mana: tukunyar masana'anta, ƙafar gada, injin wuta. Sai a ɗora shi a kan doguwar tirela mai layin taya goma sha takwas, motoci biyu a gaba suna ja, ɗaya a baya tana turawa, kowacce an danne bayanta da tubalan siminti don tayarta ta kama ƙasa. Ƙarfen ja ne yake haɗa mu, kaurinsa ya kai cinyar ƙato. In ɗayanmu ya yi tuntuɓe, sauran a jikinsu za su ji.

Direbobi uku ne, amma baki ɗaya ne yake magana, bakin mai kira. Shi ba ya tuƙi. A ƙasa yake tafiya kusa da tirela, oba-oba, wato rediyon da muke magana da shi, a hannunsa, yana ganin abin da mu ba ma gani. Babbar dokar aikin ita ce, a kan hawa ba ka taɓa giyar mota sai ya ce ka taɓa. Domin da zarar ka taka kuloci motarka ta saki kaya ke nan, dole sauran biyun su sani tun da wuri su riƙe. "Ɗaya, shirya. Biyu da Uku, ku riƙe. Ɗaya, sauka." Haka ake yi, mota ɗaya bayan ɗaya.

Shekara goma sha tara na yi da mai kira guda, wanda muke ce wa Tsoho. Shi da kunne yake aiki, ni ma haka. Kukan injin yake saurara, kuma kafin ya buɗe baki ƙafata tana kan kuloci. Har ba na iya tantancewa, shi ne yake kira ina bi, ko ni ne nake yi yana faɗa. Da gwiwarsa ta gaza ya ajiye aiki, sai kamfani ya ba ɗana kira.

Ɗana ya yi karatun da ban yi ba. Shekara huɗu yana bin Tsoho, kuma kafin kowace tafiya sai ya je ya auna hanya da kansa, kowace kwana, kowace gada, ya rubuta a littafi. Magidanci ne, da matarsa da 'yarsa da ta fara tafiya, suna zaune a ɗakuna biyu na bayan gidana. Ranar da aka sanar, mutanen yadi, wato harabar da kamfani yake ajiye motoci, suka yi ta ba ni hannu suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yi ta amsawa, amma a raina ina ta lissafa abin da zai iya samunsa a hanya. Ni haka Allah ya yi ni a kan yaron nan. Uwarsa takan ce, "Kai dai in ya yi atishawa sai ka tambayi inda likita yake. Mutum da gemunsa!"

Kayansa na farko taransifoma ce, tan ɗari biyu da wani abu, toka-toka, tsayinta ya fi gidan bene ƙarami. Da safe kafin mu tashi ya shimfiɗa takarda a kan bonet ɗin motar rakiya, ya tara mu. Ni ne Ɗaya. Biyu shi ne Mai Tari, wanda ba ya iya magana a oba-oba sai ya fara gyaran murya. Uku, mai turawa daga baya, shi ne Kunkuru, abokina tun muna jan ƙananan motoci, mutum mai jiki da baki.

"To, Malam Mai Littafi," in ji Kunkuru, "karanto mana. Mu dai lokacin da muka fara hawa tudun nan kana cin ƙasa."

"Shi ya sa na san ɗanɗanonta, Kawu," ɗana ya ce. "Matso ka ga inda za ka yi gumi."

Aka yi dariya. Ya fara bayani yana nuni da biro. Ni kuwa ba takardar nake kallo ba, fuskokin mutane nake bi ɗaya bayan ɗaya. Wa yake saurara, wa yake murmushin raini? Na ga Mai Tari yana sakace, raina ya ɓaci. Na ga wani cikin masu ɗaga wayar lantarki yana raɗa wa ɗan'uwansa magana, na ce ko da ɗana suke. Na lura rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa, na ce yaron nan ba ya cin abinci. Na dai ji ya ambaci kwalbati, na ji ya ambaci farantan ƙarfe da aka shimfiɗa, sauran maganar ta wuce ta saman kaina.

"Baba, ka ji ko?"

"Na ji," na ce.

Muka kama hanya. Tafiyarmu tafiyar ƙafa ce, mai keke ma wuce mu yake yi. Motar rakiya a gaba tana korar ababen hawa gefe, masu dogayen sanduna suna ɗaga wayoyi mu wuce ta ƙarƙashi, mutane sun fito ƙofar shaguna suna ɗaga kai. A oba-oba muryar ɗana ba ta rawa. A nan ba Baba nake ba, Ɗaya nake. "Ɗaya, buɗe hannun dama, taku biyu. Ya isa. Riƙe haka." Muka karya kwana uku ba mu taɓa ko dutsen gefen titi ba. Kunkuru ya shigo layi ya ce, "Kai, ashe littafin nan yana da amfani." Ɗana ya ce, "Uku, bar mini layi." Na ji daɗin yadda ya faɗa, ba tsawa, ba roƙo.

Rana ta take tsaka muka iso tudun. Dogon hawa ne mai lanƙwasa, kuma a tsakiyarsa akwai tsohuwar kwalbati da ruwa yake bi ta ƙarƙashi. Ɗana ya sa muka sauke giya a gindin tudun, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata. Na haye farantan ƙarfen, na ji ƙararsu a ƙarƙashina, Mai Tari ya haye, muka shiga lanƙwasa. Daga nan in na duba madubi ba abin da nake gani sai hancin motar Mai Tari da bangon taransifoma. Wutsiyar tirela da ɗana duk suna can bayan kwana.

Sai injin ya fara nishi. Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane ba. Akwai wani kuka da mota take yi in nauyi ya fara cin ƙarfinta, muryarta ta yi ƙasa, sitiyari ya fara kaɗawa a tafin hannu. A daidai wannan kukan Tsoho yake cewa, "Ɗaya, shirya." Ƙafata ta ɗaga da kanta. Na jira.

Oba-oba shiru.

Allurar injin tana sauka a hankali. Na ce a raina, yanzu zai kira. Shiru. Na ce ko batir ɗinsa ya mutu. Na ce ko ya ruɗe, ya tsaya yana kallon littafi, kaya na farko, ga jama'a sun cika gefen hanya. Na hango motar ta mutu a tsakiyar tudu, na hango ana cewa ɗan wane ne ya kasa kira, na hango Kunkuru yana ba da labari a yadi har shekara goma. Ban ɗauki oba-oba na tambaya ba, domin in na tambaya kowa zai ji uba yana tuna wa ɗansa aiki. Na ce bari in yi da sauri, hannuna ya saba, ba wanda zai sani. In rufa masa asiri.

Na taka kuloci.

Ban san ko daƙiƙa biyu aka yi ba. Motata ta saki, nauyin duka ya faɗa wa Mai Tari, tayoyinsa suka yi ihu a kan kwalta. Kafin giyar ta shiga, kaya sun tsaya cak, sannan suka dawo baya. Na ji wata ƙara daga can ƙasa, kamar an saki ƙofar ƙarfe daga sama. Sai muryar ɗana ta cika oba-oba.

"Birki! Kowa birki! A kawo waigi, layi na huɗu da na tara, maza! Ɗaya, Biyu, kada wanda ya saki. Uku, ka ji ni? Kawu, ka ji ni?"

Kunkuru bai amsa ba.

Sai da aka cusa katakan waigi a ƙarƙashin tayoyi aka ce mu sauko. Na gangara da ƙafa. Abin da na tarar shi ne, da tirela ta dawo baya ta ture farantan ƙarfen daga wurinsu, bakin kwalbatin ya fashe, tayoyin baya na gefe ɗaya sun nutse. Taransifomar ta karkata kaɗan, ta tsaya a haka, ikon Allah. Ƙarfen da ke tsakanin tirela da motar Kunkuru ya lanƙwashe kamar kara, shi kuma ƙirjinsa ya daki sitiyari. Ana fito da shi yana numfashi da ƙyar.

A nan na ji wani cikin ma'aikata yana cewa, "Ai da safe ya faɗa. Ya ce kwalbatin nan ba ta son tsayawa ba ta son girgiza, ba mai canja giya sai tayar ƙarshe ta haye, ko da mota za ta yi kuka."

Ashe shirun nan kira ne.

Ɗana yana tsaye a bakin ramin, oba-oba a hannu, ƙura har gira. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Mai Tari ma ya dube ni, domin shi ne a bayana, ya ga baƙin hayaƙin da motata ta tofar lokacin da giyar ta shiga. Ya yi gyaran murya kamar zai yi magana, sai ya juya ya tofar da yawu.

Manaja ya iso kafin la'asar. Mutum ne marar hayaniya. Ya zagaya tirelar, ya tsuguna ya leƙa kwalbatin, sannan ya tambaya, "Me ya faru?"

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Amma ɗana ya riga ni.

"Lissafina ne bai yi daidai ba, ranka ya daɗe. Giyar da na sa su a gindin tudu ta yi musu sama. Motoci suka gaza a kan kwalbati."

Manaja ya juyo gare ni. "Haka ne, Baba?"

Na dubi ƙasa. Shekara ashirin da shida ba a taɓa rubuta sunana a takardar haɗari ba. Na ce, "Motar dai ta yi nishi sosai." Ba ƙarya na yi ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba.

Kwana uku hanya tana rufe kafin a ɗaga tirelar. Ɗana ya rubuta rahoto yadda ya faɗa, ya sa hannu. Aka karɓe oba-oba daga hannunsa, aka mayar da shi yadi yana duba iskar taya. Tirela ɗaya tana da taya fiye da ɗari. Ina zaune a inuwar motata ina ganinsa yana bin su a tsugune, ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a littafin nan nasa.

A gida ba abin da ya canja, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da safe ya zo ya gaishe ni, "Baba, an tashi lafiya?" In ce lafiya lau. 'Yarsa ta zo ta kama gwiwata tana miƙewa. Uwarsa ta yi ta yi masa addu'a tana cewa kowane gwani da ranar kuskurensa, ta juyo ta ce mini, "Kai kuma ka ƙi cin abinci kamar kai ka yi laifin. Ka ba shi baki mana, ai kai ne babba." Sai in tashi in fita.

Kullum ina cewa gobe zan je ofis. In gobe ta yi sai in ce, to in na faɗa, na mayar da shi maƙaryaci. In bari kuma, na bar shi a ƙarƙashin tirela. Haka na yi ta juya maganar har kwana tara.

Ranar ta tara na je duba Kunkuru a asibiti. Haƙarƙari uku ya karye, an naɗe shi kamar jariri. Da ya gan ni ya fara dariya, ya riƙe ƙirji.

"Kada ka ba ni dariya, tsohon banza, mutuwa zan yi. Me ka kawo mini? Ayaba? Biri ka mayar da ni?"

Na zauna a bakin gado. Muka taɓa hira. Can sai ya sassauta murya.

"Kada ka sa abin nan a ranka. Yaron kirki ne, wallahi ban riƙe shi ba. Amma ka san yaran takarda. Aikin nan ba a littafi yake ba, a kunne yake. Da ni da kai da Tsoho ne, ai da ba a yi haka ba. Su bar shi a taya shekara biyu, zai yi hankali."

Yana faɗa yana dafa hannuna don ya lallashe ni. Na ce masa, "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na sauke giya. Bai kira ba."

Kunkuru ya ɗaga ido ya dubi silin. Sannan ya zare hannunsa daga nawa a hankali.

"Ka bar yaro ya sha wannan kwana tara?" ya ce. "Haƙarƙarina na yafe maka. Tashi ka tafi inda ya kamata ka je."

Daga asibiti ofis na wuce. Manaja ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya buɗe durowa ya fito da rahoton, ya ajiye a tsakaninmu. Na gane rubutun ɗana, ƙanana, a jere.

"Baba," ya ce, "da a bakin kwalbatin nan ka faɗi wannan, da na ce ka ajiye makulli ka je ka huta, shi kuma ya ci gaba da kiransa. Abin da ya yi bayan kaya sun dawo baya, ba kowane tsohon hannu zai yi shi ba. Shi ya hana taransifomar nan kifewa. Amma yanzu ga takarda da sa hannunsa, mun aika wa masu kaya, mun aika wa hukumar hanya. Mai kira shi ne idona a kan hanya. In direba ya karya doka ya rufe, yau don ubansa ne, gobe don wa?"

"Ranka ya daɗe, ni za a hukunta. Kunyata ya ji. Ɗa ne."

"Na sani. Ni ma ɗa ne." Ya mayar da takardar cikin durowa. "Kai ka gama tuƙi a nan. Shi kuma ba zan kore shi ba, amma ba zai ƙara riƙe oba-oba a kamfanin nan ba. Wannan ba a hannuna kaɗai yake ba."

Na ajiye makullin a kan tebur. Garin gyaran gira na tsone ido, sau biyu kuma.

Da uwarsa ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ashe shi ya sa abinci ya gagare ka."

Bayan wata ɗaya ɗana ya sami aiki a wani kamfani mai nisa, tafiyar kwana biyu, a bakin teku inda ake sauke manyan kaya daga jirgi. Ba kira suka ba shi ba, mataimaki ne, zai sake farawa daga inda ya fara shekara huɗu da suka wuce. Ya ce zai tafi da iyalinsa.

Ranar tafiya na shiga ɗakinsu na tarar yana kwance ƙafafun gado. Surukata ta gaishe ni ta ɗauki yarinya ta fita. An sauke labule, ɗakin ya yi haske da yawa, ga alamar inda kabad ya tsaya a jikin bango. Na tsuguna na riƙe masa katakon yana kwance ƙusa.

"Me ya sa ka ce kai ne?" na tambaye shi.

"In ce me, Baba? In nuna ka da yatsa a gaban masu ɗaga waya?"

"Da ka nuna. Da ya fi mini."

"Ya fi maka," ya ce, bai ɗago ba. Ya zare ƙusar ya jefa a gwangwani. "Ni ba giyar ce take damuna ba. Kowa yana kuskure. Abin da nake ta tambayar kaina shi ne, da Tsoho ne ya yi shirun nan, za ka taka?"

Na so in ce zan taka. Sai na sunkuya na gyara riƙon katakon.

"Da ka ce Tsoho yana da dalili," ya ce. "Ni kuwa ka ce yaro ya ruɗe."

"Tsoro na ji maka."

"Na sani, Baba. Tun ina ƙarami na sani." Muryarsa ba fushi a cikinta, gara ma da akwai. "Ina tafe ina ƙirga tayoyin suna hayewa. Ina jin kukan motarka, na san abin da take iyawa, na auna. Goma sha shida sun wuce. Layi biyu suka rage. Babban yatsana yana kan maɓalli, sunanka ne a bakina."

Ya miƙe ya jingina katakon da bango. Mota ta yi ham a waje. Muka fitar da kaya tare, ni da shi, katifa, buhunan tufafi, kujerar yarinya. Da aka gama ɗaurewa na zagaya ina jan igiyoyin ɗaya bayan ɗaya in ji ko sun yi ƙarfi. Na kai ta uku sai na ga yana tsaye yana kallona. Shi ya ɗaura su. Na sauke hannuna.

Ya durƙusa ya yi mini sallama yadda ya saba, ya ce in yafe masa. Shi yake ce mini in yafe. Uwarsa tana kuka a bakin ƙofa, yarinyar tana ɗaga mini hannu ta taga tana dariya, ta ɗauka yawo za a je.

Yakan kira uwarsa duk mako. In sun gama sai ta miƙo mini wayar, ya ce, "Baba, ina wuni," in ce, "Lafiya, ya aiki?" ya ce, "Da godiya." Akwai tambayoyi cike da bakina, ko motocinsu suna da birki mai kyau, ko wanda yake bi ya san aiki, ko yana cin abinci. Sai in haɗiye su in ce Allah ya taimaka, in mayar mata da wayar.